Abba, zazzage akwatin nan

Assalamu alaikum, Abba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan duk lafiya lau, sai tarin hunturu da ya kama Auta, shi ma ya yi sauƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a cikin buhun kayan abinci alhali ga waya. Dalili shi ne duk sa'ad da na kira ka, daga "to Baba" sai "in sha Allahu Baba", kafin na kai ga abin da nake son faɗa kati ya ƙare ko sabis ya ɗauke. Takarda kuwa tana zama a aljihu, in ranka ya ɓaci ka ajiye ta, in ya huce ka sake ɗauka.

Ummanku ta gaya mini abin da ba ka gaya mini ba. Ta ce wata biyu ke nan da fara karatunka a kwalejin ilimi ta Gumel, amma har yanzu kayanka suna cikin akwati, in za ka sa riga sai ka zaro ɗaya ka mayar da zip. Ni kuma da idona na ga ba ka taɓa tsallake Juma'a biyu ba ka zo gida ba. Kakan ce wanki ka kawo, ko ka manta wani littafi. Na yi shiru ne don ina jiran ka gaji da hanya, sai na ga hanyar ce ta kusa gajiya da kai. Ka lissafa kuɗin mota daga Gumel zuwa tashar 'Yankaba a nan Kano, zuwa da dawowa, tun da aka cire tallafin mai a 2023. Abin da kake ba direbobi a wata ya isa ya ciyar da kai rabin wata. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba.

Abin da ya dame ni shi ne ka mai da makarantar tasha. Kana zaune kamar mai jiran mota ta cika. Na san Jami'ar Bayero ka so, nan abokanka suke, kuma da makin JAMB bai kai ba ka ji kamar an jefa ka daji. Ban raina wannan ciwon ba. To amma shekara 3 za ka yi kafin ka karɓi takardar shaidar malanta ta NCE, kuma ba a yin shekara 3 a tsaye da jaka a kafaɗa.

Bari na ba ka labarin da ban taɓa ba ku ba, don kunya. Bayan da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, aka shiga neman malamai ido rufe, aka kwashe mu da yawa zuwa makarantun horon malamai. Ni na shiga a 1977. Kwana 16 na yi na gudo. Tuwon bai yi mini ba, manyan ɗalibai sun sa ni ɗiban ruwa har wuyana ya sage, dare ya yi ba na jin komai sai kukan gyare. Na iso gida da la'asar, na tarar da kakanka, wanda ka ci sunansa, yana tufkar igiya a zaure. Bai zage ni ba, bai tambaye ni dalili ba. Ya dai ce a zuba mini abinci. Da asuba ya miƙo mini lauje muka tafi yankan gero. Kwana 3 ƙaiƙayi yana cina, a na huɗu ni da kaina na ce zan koma. Ya raka ni bakin titi, ya ɗaura mini ƙuli-ƙuli a ƙyalle, ya ce in na isa in fara zuwa in gai da limamin garin kafin in shiga makaranta. Na ɗauka surutun tsofaffi ne. Wannan limamin, Allah ya jiƙansa, a gidansa na riƙa shan fura duk ranar Juma'a har na gama, kuma shi ya tsaya mini lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, babu waya, babu mai kai labari gida.

Ni ba ni da gonar geron da zan kai ka, sai dai na ce maka abin da ya ce mini. Fita ka gai da mutane. Mai gidan da kuke haya, tsofaffin da ke zama a ƙofar masallaci bayan magariba, mai shayi, ɗan garuwan da ke kawo muku ruwa. Gaisuwa ta sosai, ka rage tsawo, ka tambayi gida da gona da sanyi, ba irin ta ɗaga hannu ana tafiya ba. A Kano za ka yi shekara maƙwabcinka bai san sunanka ba, babu abin da zai same ka. A can kuwa rashin gaisuwa magana ce, kuma kafin sati an sa maka suna. In an yi rasuwa a layinku ka bi jana'iza ko ba ka san mamacin ba. In an yi suna ka je ka karɓi goro.

Kuma ka daina kiran wurin ƙauye a gaban masu shi. Na ji ka faɗa wa ƙannenka kuna dariya, har kana kwaikwayon yadda 'yan ajinku ke magana. Gumel masarauta ce, ɗaya daga cikin biyar na Jigawa tare da Haɗeja, Kazaure, Dutse da Ringim. Mangawa ne suka kafa ta, kuma tana da sarkinta tun kafin jihadin Shehu, dangantakarta ta da ma da Borno take. Jihar ce sabuwa, ta 1991, garin ba sabo ba ne. Wanda kake yi wa dariyar Hausarsa wataƙila yana jin Fillanci ko Barbarci bayan Hausar, kai kuma da ita kaɗai ka dogara sai Turancin da ka sha wuya kafin ka ci a jarrabawa. Wata Alhamis in ba ku da lakca, ka bi wani ɗan gari zuwa kasuwar Maigatari, ka ga raƙuma da shanun da ake korowa daga Nijar, ka ga buhunan riɗi da zoɓo, ka ga kuɗin da ke sauya hannu tsakanin mutanen da ba su da takalmin kirki. Ka dawo ka ba ni labari.

Ƙanƙantar makaranta tana da daɗinta da ba ka lura ba. A babbar jami'a malami zai shiga ɗaki ya tarar da ɗaruruwan kawuna, ya yi magana a lasifika ya fita. Kai malaminka zai san fuskarka, kuna iya haɗuwa a sahu ɗaya. Ka zauna a gaba, ka yi tambaya, ka bi shi ofis in ba ka gane ba. Sai dai abin yana da kaifi biyu: ranar da ka yi fashi ma an sani. Kada ka ce karatun NCE na wucin gadi ne ka yi masa riƙon sakainar kashi. Da sakamako mai kyau za ka iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, Bayeron nan tana nan ba ta tashi ba. Da tarin kariyoba kuwa, wato darussan da ka faɗi sai ka maimaita, ba inda za ka. Kuma akwai ranar da za a tura ka koyarwar gwaji, ka tsaya da alli a gaban yara a wata firamare da ba ta da isassun benci. Yaran irin na garin da kake ne. In ba ka san yadda suke tunani ba, da me iyayensu ke fama, me ya sa aji ke raguwa ranar kasuwa da lokacin girbi, littafi ba zai cece ka ba. Ni na yi shekara 35 ina wannan aikin, abin da ya fi amfanata ban same shi a aji ba.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Abin da nake turowa farkon wata shi ne na wata. Ku haɗa tukunya da abokin ɗakinka, ku sayi wake da gero yanzu da kaka kafin su tashi. Kada ka ci bashin mai shago, a ƙaramin gari bashin naira ɗari biyar ma labari ne. Cacar ƙwallon nan ta waya kuma, ko sau ɗaya kada ka gwada.

Sanyin can ya fi na nan, iska ba ta da abin da zai tare ta. Duk yadda ya kai, kada ku kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa cikin barci. In bazara ta shigo kuma ku bar taga a buɗe, kada ku cunkushe, lokacin sanƙarau ne. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba na sayen magani a kemis ba ne, asibiti ake tafiya nan take. Gidan sauronka ka ɗaura shi, na san yana ƙasan akwatin.

Saura ɗaya, wadda Ummanku ta ce in faɗa don ita ba za ta iya ba. Akwai 'yan mata a ajinku, akwai na cikin gari. Ka girmama su. Kada ka tsaya ƙofar gidan mutum zance alhali ka san ba ka da niyya ba ka da hali. Kai za ka gama ka tafi, ita da iyayenta a nan za su zauna da maganar.

Don haka ga hukuncina: ban yarda ka zo gida ba sai hutun ƙarshen zango, sai fa in rashin lafiya ce. Na san Ummanku za ta yi kwana biyu tana haɗe mini rai, na shirya. Wankinka ka yi da hannunka. Ka sayi ƙusa ka kafa a bango ka rataye rigunanka, akwatin ka tura shi ƙarƙashin gado.

A cikin buhun akwai garin kwaki kwano 2, ƙuli-ƙuli, yajin da ka ce na can bai yi maka ba, man gyaɗa, da bargon Ummanku mai ruwan ƙasa, ta ce ka kula mata da shi. Dambun naman ƙulli biyu ne. Ƙaramin naka ne da abokin ɗakinka. Babban ka kai wa mai gidanku da hannunka, ka ce in ji mahaifinka yana gaishe shi, kuma ka zauna ka ji amsarsa kafin ka tashi.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'a.

Wassalam,
Mahaifinka