Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Zuba Jarin Kai a Sabbin Kamfanoni

'Yan uwa mambobi masu girma, kwamitin gudanarwa yana gaishe ku. Ga bayanin ayyukan shekarar da ta ƙare, da wuraren da ake samun tangarɗa, da ƙa'idojin da aka canza. Lissafin kuɗin ƙungiya yana cikin takardar ma'aji, don haka ba a maimaita shi a nan ba.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti bana shi ne batun mambobin da ba sa fashin zama, suna saurare, suna yin tambayoyi masu ma'ana, amma har yau ba su sa hannu a kan yarjejeniyar zuba jari ko ɗaya ba. Da aka tattauna da su, sai ya bayyana ba rashin kuɗi ne ya tsaida su ba. Wani bai san nawa ya kamata ya sa ba. Wani takardar ce ba ya fahimta, kuma yana jin nauyin ya faɗa a gaban jama'a. Wani kuma bai ga ta inda kuɗin za su dawo ba. Kwamiti ya yanke cewa ba za a ja kowa da alƙawarin riba ba. Za a nuna wa mutum yadda zai shiga ta hanyar da ko ya yi asara ba za ta kai shi ƙasa ba.

Nawa za a sa, kuma a kamfani nawa

Zaman horo na farko a kan wannan aka yi shi. Shawarar ƙungiya ita ce kada mamba ya ware fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukiyarsa, ban da gidan da yake zaune, kuma su zama kuɗin da ba zai nema ba nan da shekara bakwai zuwa goma. Hannun jarin sabon kamfani ba shi da kasuwar da za a kai shi a sayar ranar da buƙata ta taso.

An gabatar wa mambobi binciken da Robert Wiltbank da Warren Boeker suka fitar a 2007 a kan masu irin wannan zuba jari a Amurka. Sun duba jari sama da 1,100 da aka riga aka ga ƙarshensu. A dunƙule, kuɗin sun dawo ninki 2.6 cikin kimanin shekara uku da rabi. Wannan adadi shi ne masu talla ke ɗauka su tsaya. Amma kashi 52 cikin 100 na jarin ba su dawo da ko uwar kuɗin ba, kuma kashi 7 kacal, waɗanda suka ninka fiye da sau goma, su suka kawo kashi 75 na duk abin da aka samu. Ke nan wanda ya sa kuɗinsa a kamfani biyu ko uku, abin da ya fi kusa da shi asara ce, komai kyan zaɓinsa. Shi ya sa ake cewa a raba a kamfani 15 zuwa 20 cikin shekara uku ko huɗu.

Misalin da aka yi aiki da shi a allo: mai dala 40,000 ya raba su biyu. Rabi ya shiga kamfani 20, dala 1,000 kowanne. Ɗaya rabin ya ajiye don ƙari a 'yan kamfanonin da suka nuna alamar tafiya. Sabbin shiga sukan ƙarar da komai a shekarar farko saboda zumuɗi, sai kamfanin da ya fi kyau ya dawo neman ƙarin jari a lokacin da hannunsu ya bushe.

Haɗa kuɗi wuri ɗaya

Babu mai kamfanin da zai so mutum talatin masu dala dubu-dubu a jadawalin masu hannun jarinsa, domin duk takardar da ta taso sai ya bi su ɗaya-ɗaya neman sa hannu, kuma manyan masu zuba jari da za su zo daga baya suna gudun irin wannan jadawali. Saboda haka aka fara amfani da ƙaramin kamfani na musamman da ake yi wa rajista don ciniki guda: mambobi su zuba a cikinsa, shi kuma ya shiga da suna ɗaya. Ana naɗa jagora ɗaya da zai tattauna sharuɗɗa ya kuma riƙa kawo labari. Ladansa na al'ada shi ne kashi 20 na ribar, ba na uwar kuɗi ba, kuma sai kowa ya karɓi abin da ya sa tukuna. Idan aka haɗa dala 50,000 suka dawo 150,000, riba 100,000 ce, jagora ya ɗauki 20,000.

Matsala biyu ke biyo bayan wannan tsari. Kuɗin rajista da na lauya da na shigar da takardun shekara-shekara ba sa raguwa don cinikin ƙarami ne, don haka dole a lissafa su na tsawon shekara goma kafin a fara. Sannan jagora yakan yi sanyi bayan shekara ɗaya ko biyu. Yanzu an rubuta cikin yarjejeniya cewa masu rinjayen kuɗi na iya sauya shi, kuma dole ya sa nasa kuɗin a cinikin da yake jagoranta.

Tantancewa da binciken ƙwaƙwaf

Kwamitin tantancewa ya taƙaita fom ɗin nema zuwa shafi biyu. Wanda ya wuce yana samun minti goma na bayani da minti ashirin na tambayoyi, sannan ya fita mambobi su tattauna. Ba a karɓar alƙawarin kuɗi a ranar. Mai iya magana yakan tafi da hankalin zaure, kuma ba a cinikin biri a sama.

Binciken Wiltbank ɗin nan ya nuna waɗanda suka ba bincike fiye da awa 20 sun samu ninki 5.9, waɗanda suka yi ƙasa da haka ninki 1.1. Awa 20 ita ce yanzu mafi ƙarancin abin da ƙungiya ke karɓa, a raba ta tsakanin mutum uku, ɗaya daga cikinsu wanda ya san harkar da kamfanin ke yi. Ana fara duba takardar rajista da jadawalin masu hannun jari, a gwada su da juna. Sai takardun banki na wata shida zuwa goma sha biyu, a gwada su da cinikin da aka ce an yi. A nan ake yawan kama bambanci, kuma sau da yawa ba ƙarya ba ce: mai kamfani yana ƙirga duk kuɗin da suka bi ta hannunsa a matsayin kuɗin shiga, alhali nasa ɗan kamasho ne kawai a ciki. Sai a kira masu saye aƙalla biyar, uku daga jerin da ya bayar, biyu waɗanda masu bincike suka nemo da kansu, musamman waɗanda suka daina saye.

Abin da aka fi mantawa shi ne wane ne mai manhajar da tambarin. Idan wani ɗan kwangila ne ya rubuta manhajar ba tare da takardar miƙa haƙƙi ba, ko kuma an yi wa tambarin rajista da sunan mai kamfani shi kaɗai, to kamfanin da mamba ya sayi kaso a cikinsa bai mallaki abin da yake sayarwa ba. Ana gyara wannan kafin kuɗi su fita.

Takarda

Zama uku aka yi a kan wannan, kuma ya cancanci haka. Lissafin farko: idan aka yi wa kamfani kima dala 900,000 kafin kuɗi su shiga, aka sa 100,000, kimarsa ta zama miliyan ɗaya, masu sawa suna da kashi 10. Idan kuwa 900,000 ɗin kima ce bayan shigar kuɗi, kasonsu ya haura 11. Dole takarda ta faɗi wanne ake nufi. Sannan kason ba ya tsayawa: idan zagaye na gaba na neman jari ya sayar wa sabbin masu zuba jari kashi 20, goman nan ta koma 8, wani zagayen irinsa ya mai da ita 6.4. Wannan ba cuta ba ce muddin kimar tana hawa. Abin da ke kare mamba shi ne haƙƙin saye daidai kasonsa a kowane sabon zagaye, kuma ba ya samuwa sai an rubuta shi.

Kamfanoni da yawa suna zuwa da takardar SAFE, wadda Y Combinator, kamfanin Amurka mai tallafa wa sabbin kamfanoni, ya fito da ita a 2013 ya kuma sabunta a 2018. Ba hannun jari ba ce, ba kuma bashi ba ce: alƙawari ne na hannun jari ranar da aka yi zagaye mai tsayayyen farashi. Ba ta da kuɗin ruwa ko wa'adi, saɓanin takardar bashi mai rikiɗewa zuwa hannun jari, wadda mambobin da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suke ƙi. A tsarin 2018, dala 100,000 a kan iyakar kima miliyan biyu, wato kima mafi girma da za a lissafa kason mai takardar da ita, kashi 5 ne. Haɗarin yana wajen tarawa. Mai kamfani ya sa hannu a kan irinta biyar a lokuta daban-daban, kashi 25 sun tafi bai ankara ba, ranar lissafi ya ga kasonsa ya yi ƙanƙanta har gwiwarsa ta yi sanyi. Ƙungiya tana neman ganin duk wadda aka riga aka sa wa hannu, kuma ba ta karɓar wadda ba ta da iyakar kima.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne masu kafa kamfani su mallaki kasonsu a hankali cikin shekara huɗu, babu komai kafin cikar shekarar farko. In ba haka ba, abokai biyu su ɓata a wata na takwas, ɗaya ya tafi da rabin kamfani, ya bar ɗayan yana yi masa wahala.

Bayan an sa kuɗi

Kowane kamfani yana aiko rahoton shafi ɗaya duk wata: kuɗin shiga, abin da aka kashe, abin da ya rage a banki, yawan masu saye, da taimakon da ake nema. A raba abin da ya rage da giɓin kowane wata, wato yadda abin da aka kashe ya zarce kuɗin shiga, a samu watannin da suka rage wa kamfani. Ana son jarin farko ya kai shi wata 18, domin neman sabon jari kansa yakan ci wata shida. Rahoto ya makara wata biyu a jere, jagora ya ɗauki waya, don ba a cika ɓoye labari mai daɗi ba.

Kuɗi suna dawowa ne idan wani kamfani ya sayi wannan, ko babban mai zuba jari ya sayi kason na farko a wani zagaye. Shiga kasuwar hannun jari abu ne da ba kasafai yake faruwa ba.

Kwamitin hulɗa da hukumomi ya shirya takarda a kan rangwamen haraji, inda ya kawo tsarin Birtaniya na rage wa masu zuba jari a ƙananan kamfanoni haraji gwargwadon jarin da suka sa: EIS na 1994 mai ragin kashi 30, da SEIS na 2012 mai ragin kashi 50 a kan jarin da ya kai fam 200,000 a shekara, da sharaɗin riƙe hannun jarin shekara uku. Ra'ayin kwamiti shi ne irin wannan rangwame yana rage zafin asara, amma ba ya mai da mugun ciniki ya zama mai kyau.

A shekara mai zuwa, duk sabon mamba zai bi tawagar bincike sau biyu a matsayin mai kallo kafin ya sa kuɗi. Mai son jagorantar ciniki ya miƙa wa sakatare sunansa da fannin da ya sani kafin zaman farko.