Amsa ga Malamin da ya tambayi nawa Rasha ta biya ni

Malam, barka da war haka. Na ga tambayar da ka jefo mini a Facebook bayan na saki ɗan katun ɗina na Baba Yaga: wai me ya haɗa Bahaushe da tatsuniyar Turawan gabas, ko Gizo da Ƙoƙi sun mutu ne, kuma nawa Rasha ta biya ni. Lambata tana wayarka, amma ka zaɓi kasuwa. To, ga amsa a kasuwa.

Da ana biyana, da ba da tsohuwar kwamfutar nan mai mutuwa da an ɗauke wuta nake aiki ba. Kuma mai ilimi irinka ai ya san Silabawa, al'ummomin Turawan gabas masu irin wannan tatsuniya, ba Rashawa kaɗai ba ne: akwai Foland, Cek, Sabiya, Bulgeriya da Yukiren. A 2023, ana tsakiyar yaƙi, 'yan Yukiren suka fitar da katun a kan Mavka, aljanar dajinsu. Su ma Mosko ce ta biya su?

Abin da ya sosa mini rai shi ne cewa wai na raina gadona. Ka ma kalli abin kuwa? Baba Yaga tsohuwa ce mai bukka a kan ƙafafun kaza, tana shiga turmi ta tashi sama, tana tuƙi da taɓarya, tana share sawunta da tsintsiya. Koshei, mugun matsafin tatsuniyoyinsu, ya ɓoye ajalinsa a allura, allura a cikin ƙwai, ƙwai a cikin agwagwa, agwagwa a cikin zomo, zomo a cikin akwati. Wanda ya tashi da "ga ta nan, ga ta nanku" ba ya neman tafinta a nan.

Ni hanya na je koyo: yadda labari ya bar bakin kaka ya hau majigi. Afanasyev, wani ɗan Rasha mai tattara tatsuniyoyi, ya buga tatsuniyoyi kusan 600 tsakanin 1855 da 1863. A 1936 aka kafa Soyuzmultfilm, gidan shirya katun, a Mosko, a 1937 Igor Moiseyev ya kafa ƙungiyarsa ta rawar gargajiya, a 1948 aka kafa wata ƙungiyar rawar, Beryozka. Ka nemi bidiyon 'yan Beryozka: mata cikin dogayen riguna har ƙasa, suna zagaya da ƙananan taku, ƙafa ba ta bayyana, kafaɗa ba ta motsi, ka rantse ƙasa ce ke tafiya da su. A shekarun 1950 masu zanen Soyuzmultfilm kan ɗauki ɗan wasa a fim, su bi shi hoto bayan hoto suna zanawa, shi ya sa motsin ke da rai. Na san gwamnatin Sobiyet ba don Allah ta yi ba, ta goge rawar ƙauye ta mai da ita tallar mulki. Amma ta zuba kuɗi, aikin kuma ya fi ta tsawon rai.

Batun rawa da ka ce tana ɓata tarbiyya na bar wa malamai. Na dai taɓa ganin hannunka yana liƙi a gaban makaɗi.

Mu fa? Wani Bature, Frank Edgar, ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa tun tsakanin 1911 da 1913, ga su can suna shan ƙura a ɗakunan karatu, yaranmu na kallon katun na kowa ban da namu. Na ɗauki zanen Gizo na zaga ofisoshin masu kukan al'ada na mutuwa. Ruwan sanyi na sha, da "za mu neme ka". Ranar taro kuwa kowa da babbar riga da jawabi, kai ma a sahun gaba.

Zanen yana nan, da lissafin abin da aikin zai ci. In da gaske Gizo kake wa kishi, faɗi ranar da zan kawo maka su gida.

Naka,
mai zanen katun