Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan ƙurajen da suka feso bayan aikin leza

Unguwar Rimi, Kaduna.

'Yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, na ga hotunan da kika turo mini daren jiya, na kuma ji yadda muryarki ta raunana a waya. Na ga ya fi kyau in rubuta miki, domin ki samu abin dubawa duk lokacin da zuciya ta raya miki ki kai hannu fuskar nan.

Da farko ki kwantar da hankalinki, aikin da aka yi miki bai lalace ba. Fesowar ƙuraje bayan leza abu ne da likitocin fata suka sani, kuma ya fi samun mai fuska mai maiƙo irin taki, wadda tun kina sakandare take ba ki wahala. Na'urar leza, wadda ke aiki da haske mai ƙarfi, da gangan take ƙona saman fata, ko ta huhhuda ta da ƙananan ramuka, domin jiki ya gina sabuwa ya cike tabban da tsofaffin ƙuraje suka bari. A kwanakin farko ana sa mutum ya riƙa shafa mai mai kauri irin su Vaseline don kada wurin ya bushe, kuma hakan daidai ne, sai dai idan aka daɗe ana lafta shi yakan toshe ƙofofin gashi, maiƙo da matacciyar fata su taru a ciki. Yau kwana 12 da aikin, kin kuma ce har yanzu sau biyar kike shafawa a yini. Ki tambayi likita ko lokaci ya yi da za ki koma mai marar nauyi wanda ba ya toshe fata. Ƙananan fararen nan masu kama da ƙwayar gero, waɗanda ba sa ciwo, sukan tafi da kansu, in kuma sun ƙi shi zai cire su.

Abin da ya hana ni barci kuwa shi ne, a shekarun da na yi ina aikin jinya na koyi cewa ba duk abin da ya fito a fuska ne ƙurji ba. Idan kin ga 'yan ƙuraje masu ruwa sun taru wuri guda suna zafi da raɗaɗi, musamman kusa da leɓe, to yana iya zama ƙwayar cutar nan da ke fito wa mutum a gefen baki bayan zazzaɓi ce ta farka, kuma a kan fatar da ba ta gama haɗewa ba takan bazu da sauri ta bar tabo. Haka nan idan ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko wurin ya kumbura ya yi ɗumi, ko kika ga mugunya da ɓawo ruwan ɗorawa, ko zazzaɓi ya rufe ki, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki je a ranar. Daga hoto ni ba zan iya rabe wannan da wancan ba, sai wanda ya yi aikin ya gani da idonsa.

Kada ki matsa, kada ki ɓare ɓawo. Fatarmu ta baƙar mace ba ta mantuwa: duk inda ta ji rauni sai ta tara duhu a wurin, kuma baƙin tabon yakan yi watanni kafin ya dushe. Ƙurjin da zai baje cikin mako guda, idan farce ya taɓa shi, sai ya bar miki irin abin da kika kashe kuɗinki don ki rabu da shi.

Na san 'yan'uwa da ƙawaye sun fara kawo shawara, domin har nan gidan an ce in gaya miki ki yi dilka da kurkur. Ina girmama masu faɗa, kuma nufinsu alheri ne, amma dilka da halawa da lemon tsami da sabulun salo duk gurzar fata suke yi ko su ƙona ta, fatarki kuwa a yanzu kamar ta jinjiri take. Wanda ya fi tsorata ni shi ne man da ake haɗawa a roba ana tallarsa a Instagram ba tare da an rubuta abin da ke ciki ba. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda zai kwantar da ja cikin 'yan kwanaki har ki ɗauka kin samu lafiya, daga baya ya sa fata ta yi siriri, ƙuraje su dawo fiye da na da. Hatta magungunanki na da, irin su tretinoin da benzoyl peroxide, ki ajiye su sai likita ya ce fata ta haɗe. Idan ya rubuta miki ƙwayar doxycycline, ki fara sanar da shi in kina zaton kina da juna biyu, domin ba a ba mai ciki. Ki sha ta da ruwa cike da kofi, kada ki kwanta nan take, ki kuma sani tana sa rana ta fi cin fata.

Hunturun bana ya zo da ƙura, kuma hazon da ke rufe garin ba ya tare zafin rana gaba ɗaya daga fata. Da zarar an ba ki izini, ki riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka kowace safiya. Ki rage fita da tsakar rana, ki canza rigar matashi duk bayan kwana biyu, ki tabbata hijabin da ke taɓa kumatunki wankakke ne. Wajen alwala ki zuba ruwa mai tsabta a hankali ba tare da cuɗawa ba, sannan ki ɗan dafa da ƙyalle mai laushi. Girki a gaban wuta ma ki bar wa Ladidi na 'yan kwanaki, saboda zafi da gumi suna ƙara tayar da wurin.

Game da bikin ƙanwarki da ya rage mako biyar, kada ya sa ki gaggawa. Saman fata yakan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma ja da duhu sukan ɗauki makonni ko watanni, cikowar tabban kuma sai a hankali cikin watanni uku zuwa shida. In likita ya yarda ki sa hoda ranar kamu, to madalla, in bai yarda ba ki zo haka, ni zan amsa wa duk mai tambaya.

Ki kira asibitin gobe da safe. Abbanki ya ce in maigidanki yana wurin aiki shi zai zo Barnawa ya kai ki, ni kuma zan riƙe yaran har ku dawo. Ki tafi da duk man da kike shafawa a cikin jaka, likita ya gan su ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Umma