Makara a Gindin Gawo

Maraɗi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa da ke Akra, ina godiya da ta'aziyyar da ka aiko ta rasuwar Inna. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Akwai abin da na ɓoye maka a lokacin. Tun ranar da muka kai ta makwancinta na kasa ɗaga ido in dubi makarar da ake jinginewa a bayan masallacin unguwarmu, har ta kai ina sauya hanya idan zan tafi sallar asuba, alhali na san ƙarfe ne kawai da aka ƙera. Na yi addu'a, na saurari wa'azi, amma gabana bai daina faɗuwa ba.

Allah cikin ikonsa, zane ne ya zama sanadin sauƙi. Wani saurayi mai rubuta allunan shaguna a kusa da kasuwa ya zana makara babu kowa a cikinta, an jingine ta a gindin gawo a tsakiyar rani, ƙasa ta tsattsage, sauran itatuwa sun kaɗe, shi kuwa gawon ya yi kore shar. Ka san halin gawo, yana zubar da ganye da damina, ya tofo lokacin da komai ya bushe, kuma gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, shi ya sa manomanmu ba sa sare shi. Na daɗe tsaye a gaban allon nan. A karon farko na kalli makara zuciyata ba ta buga ba, domin mai zanen ya ajiye ta a inuwar da matafiyi yake nema idan rana ta take.

Wannan ya sa na shiga bincike, sai na tarar wasu al'ummu sun daɗe a kan wannan hanya. A Meziko, José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, ya zana ƙoƙon kan mace sanye da malafar matan attajiran Turai, don ya tuna wa masu taƙama cewa ƙashi ɗaya ne a ƙarƙashin kowace kwalliya. A 1947 Diego Rivera ya sa ta a tsakiyar wani babban zanen bango, kuma a yau, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, yara a can suna shan alawar da aka yi da siffar ƙoƙon kai ba tare da fargaba ba. Ku ma a nan kusa da ku, a Teshi, kafintocin ƙabilar Ga irin su Kane Kwei sun shahara da akwatin gawa mai siffar sana'ar mamaci, masunci a cikin kifi, manomi a cikin kwanson koko.

Ba na cewa mu kwaikwaye su. Farin likkafanin da ke daidaita sarki da talaka ya ishe ni, kuma ba zan so a taɓa shi ba. Abin da ya fi kusa da zuciyata yana Agra ta Indiya. Malamanmu ba su yarda da gini a kan kabari ba, ni ma ina tare da su, amma duba abin da aka rubuta a ƙofar shiga Taj Mahal, hubbaren Mumtaz Mahal, matar Sarki Shah Jahan, da ta rasu a 1631: Suratul Fajri ce, wadda take ƙarewa da kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa ya shiga Aljannarsa. Mai ziyara yana wucewa ta ƙarƙashin ayoyin ne ya faɗa cikin lambu da ruwa mai gudana tun kafin ya isa kushewa. Abin da saurayin nan ya yi da gawo ke nan, kuma babu siffar mai rai a zanensa balle wani ya yi ƙorafi.

Na sayi allon na rataye shi a zaure, na kuma koma bin tsohuwar hanyata zuwa masallaci. Idan ka sami sarari, don Allah ka leƙa Teshi ka tambayi kafintocin ko aikin nasu ya rage musu tsoron ranar da za a auna su su ma, sannan ka rubuto mini amsar da suka ba ka.

A gaishe da mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka