Kafin a Zagi Gola, a Tambayi Wanda Ya Koya Masa Tsayuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni mai karanta shafinku na wasanni ne, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a cikinsa. Duk wasan da aka sha kashi, labarin ɗaya ne: gola ya yi sakaci, gola ya kashe ƙungiya, a canza gola. In an yi nasara kuma, hoton wanda ya jefa ƙwallo a raga ake bugawa. Ban taɓa ganin kun ambaci mai horar da masu tsaron raga ba, balle ku tambaya ko ƙungiyar ma tana da shi. Na tsare raga a ƙuruciyata, na koyar da wasanni a sakandare har na yi ritaya, yanzu kuma ina tare da yaran unguwa da la'asar, don haka maganar ta shafe ni.

Misalina zan ɗauko shi daga nesa, daga wasan hoki na kan ƙanƙara. Na san za a yi dariya, mutumin Tawa da ke cikin zafin Afrilu yana zancen ƙanƙara. Ƙanena ne ya daɗe a Monreyal ta Kanada, shi ya jefa ni ciki. Wasansu na ƙarfe bakwai na yamma yana faɗowa ɗaya na dare a wajenmu lokacin hunturu, saboda haka sai bayan asuba nake kallon guntayen da yake turo mini ta WhatsApp. Abin da ya sa na zaɓi wannan wasa shi ne, babu inda gola ke da nauyi kamar can, kuma albashinsu a fili yake, kowa zai iya zama ya yi lissafi.

Ragar ƙarama ce, faɗinta mita 1.83, tsayinta 1.22. Abin da ake bugawa faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, kuma hannun ƙwararre yakan harba shi da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa. A wasa ɗaya gola yakan fuskanci hari wajen 30. Wanda ke tare 90 cikin 100 matsakaici ne, wanda ke tare 93 gwani ne. Tazarar kamar ba komai ba, amma a hari 30 ta kusa ƙwallo guda a kowane wasa. Sannan tun 2005 gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ta ƙayyade iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasanta duka. Abin da ka ba gola, daga bakin mai tsaron baya ko mai kai hari ka cire shi. Albashin masu horarwa kuwa ba ya cikin wannan lissafi, ƙungiya na iya ɗaukar malaman gola goma in ta ga dama, doka ba ta hana ta ba. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar Canadiens ta Monreyal ta ɗauki wani mutum, François Allaire, wanda bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba, ta ba shi aikin masu tsaron raga kaɗai. A lokacin yawancin ƙungiyoyi ba su da irin wannan ma'aikaci, gola dai ya tsaya abokan wasansa su yi ta narka masa faifai har a tashi atisaye. Allaire ya lura yawancin abin da ke shiga raga ta ƙasa yake bi. Sai ya koya wa wani siririn yaro, Patrick Roy, ya riƙa zubewa kan gwiwoyi, ya baje ƙafafu hagu da dama, ya toshe ƙasan raga kaf, ƙirji a miƙe, ya bar tsalle-tsallen neman tafi. Shi ne salon malam-buɗe-littafi. Akwai waɗanda suka riga su gwada shi, irin su Glenn Hall da Tony Esposito, amma Allaire ne ya mai da shi darasi mai ƙa'ida da ake koyarwa mataki-mataki. Roy ya ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1986 yana ɗan shekara 20, ya sake ɗauka a 1993, kofi na 24 a tarihin ƙungiyar. Yau da wuya ka ga golan hoki da ba da wannan salon yake tsayuwa ba.

Yadda suka rabu da Roy ɗin ma darasi ne ga masu son tozarta gola. A Disambar 1995, a wasa da Detroit, kocinsa Mario Tremblay ya bar shi a raga har aka zura masa tara a gaban 'yan kallon gida. Da ya fito ya ce ya gama buga wa Monreyal. Aka sayar da shi ga Colorado, kafin kakar ta ƙare ya ɗauki kofi da su.

To, mu zo kan kuɗi. Carey Price shi ne golan da Monreyal ta ɗora wa burinta bayan haka. A kakar 2014 zuwa 2015 ya ci wasa 44, ya tare fiye da 93 cikin 100, aka ba shi kyautar gwarzon gola da ta gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya. A Yulin 2017 suka sa hannu a kwantiragin shekara takwas kan dalar Amurka miliyan 84, wato miliyan 10 da rabi a shekara. In ka juya shi zuwa sefa ya haura biliyan 40. Kwantiragin ya fara aiki a 2018 yana ɗan shekara 31, a shekarar da iyakar albashin ƙungiya duka miliyan 79 da rabi ce. Mutum ɗaya ya kwashe fiye da kashi 13 cikin 100, sauran mutum ashirin da 'yan kai su raba ragowar.

Ban ga laifin Price ba, wa aka miƙa wa arziki ya ce a'a? Laifin masu lissafi ne. Salon nan da Allaire ya yaɗa yana cin gwiwa da ƙugu, mutum yana zubewa yana miƙewa sau ɗaruruwa a mako da kaya masu nauyi a jikinsa. Ko a kasuwar Badagishiri mai sayen san amalanke haƙora yake fara dubawa, don aikin gobe yake saye, ba na bara ba. Su kuwa sun biya shekara takwas masu zuwa da farashin kakar da ta wuce. An yi wa Price aikin gwiwa a 2021, ya buga wasa biyar kacal a kakar da ta biyo baya, tun Afrilun 2022 bai sake tsayawa a raga ba, kwantiragi kuwa ya ci gaba da tafiya. Dokar gasar tana sassauta wa ƙungiya lissafi idan ɗan wasa ya yi doguwar jinya, amma ba ta dawo mata da gola ba. Kuma ba su ne farau ba. Ƙungiyar Islanders ta New York ta ba golanta Rick DiPietro kwantiragin shekara 15 a 2006, raunuka suka cinye shi, ta sallame shi a 2013, kuma za ta ci gaba da biyansa miliyan ɗaya da rabi duk shekara har 2029.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar 2 ga Maris 2021. Price yana cikin mummunan yanayi, ana ta zura masa. Ba a iya korarsa, kuɗinsa ya yi yawa, babu ƙungiyar da za ta ɗauki kayan. Sai manajan ƙungiyar, Marc Bergevin, ya kori malamin Price, Stéphane Waite, ana tsakiyar wasa da Otawa, wasan da ma suka ci. Wannan Waite ɗin shi ne ya ɗauki kofi biyu da Shikago, a 2010 da 2013, da gola daban-daban, kuma a hannunsa Price ya yi waccan kakar tasa ta zinariya. Mai tsada ya zauna, mai araha ya kama hanya.

Ƙanena yana ganin korar ta yi amfani, tunda bayan an kawo Sean Burke a madadin Waite sai Price ya farfaɗo, ya ja ƙungiyar har wasan ƙarshe a Yulin shekarar, inda Tampa Bay ta doke su. Mun yi musu a kan haka har katina ya ƙare. Ni dai ina ganin an yi wa Waite butulci. Amma ko maganarsa ce daidai, ai hujjata ce take ƙara ƙarfi: gola ɗaya, jiki ɗaya, albashi ɗaya, muryar da ke kunnensa kawai aka canza, sakamako ya juya.

Ku bi sawun Burke ɗin ku gani. A 2022 ya koma Vegas. A shekarar ƙungiyar ta karɓo Adin Hill daga San Jose da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, albashinsa miliyan biyu da ɗoriya. Hill a benci ya fara wasannin neman kofi na 2023, sai da wanda ke gabansa ya ji rauni a zagaye na biyu ya shiga. Shi ne ya ɗauki kofin. Wanda ya tsaya a ɗaya ragar a wasan ƙarshe kuwa Sergei Bobrovsky ne na Fulorida, mai miliyan 10 a shekara.

Na san mai karatu da ya san wasan zai ce, to ai Bobrovsky ɗin ya ɗauki kofi a 2024 da 2025, ashe kuɗi bai tafi a banza ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai a tuna yadda abin ya fara. An ba shi shekara bakwai kan miliyan 70 a 2019, kakarsa ta farko ya zama matsakaici, aka yi ta kiran kwantiragin asara. A ƙarshen 2020 Fulorida ta buɗe sashe guda sukutum na masu tsaron raga, ta ɗora tsohon golanta Roberto Luongo a kai, ta kawo François Allaire da kansa ya zama mai ba da shawara, ga kuma malamin da ke tare da su kullum a kan ƙanƙara. Sun yi amfani da ƙofar nan da doka ta bari a buɗe. Ko a 2023 ɗin ma a benci Bobrovsky ya fara wasannin kofi. Sun yi haƙuri da shi, sun kewaye shi da masana, shekara biyar kafin kuɗin ya haihu. Ƙungiya nawa ke da wannan haƙurin? Duk da haka farashi sai hawa yake, a Disambar 2024 ƙungiyar Rangers ta New York ta ba golanta Igor Shesterkin miliyan 92 na shekara takwas. Allah ya kiyaye masa gwiwoyinsa.

Mu dawo gida, inda babu miliyoyi amma halin ɗaya ne. A filayenmu yadda ake zaɓen gola kowa ya sani: yaron da ba ya iya gudu, ko ƙaramin da aka raina, ko wanda ya zo a makare. A atisaye ana ajiye shi kamar turke, manya su yi ta gwada ƙarfin ƙafarsu a kansa. Babu mai nuna masa inda zai tsaya idan ƙwallo na gefe, yaushe zai fito yaushe zai jira, yadda zai faɗi a kan tsandauri ba tare da ya fasa ƙugu ba. Na ga yaro mai hannu kamar maganaɗisu ya bar raga yana ɗan shekara 16 saboda kafaɗa, don ba wanda ya taɓa koya masa faɗuwa. Na kuma ga shugaban wata ƙungiya, ba zan faɗi suna ba, ya kashe kuɗin da zai riƙe malamin gola shekara guda wajen ɗauko wani gola mai suna daga wani gari. Wata uku aka kore shi, aka ce asiri aka yi masa.

Alhali mun san daɗin gola nagari. Makin farko da Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta samu a gasar cin kofin Afirka, canjaras ba ci da Kwango Dimokuraɗiyya a 2013 a Afirka ta Kudu, duk wanda ya kalla ya san hannun Kassaly Daouda na ciki dumu-dumu. Irin waɗannan tsofaffin 'yan Mena da na ƙungiyoyin rukunin farko suna nan a Yamai, Maraɗi, Damagaram da nan Tawa, ilimin yana kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya, golan da zai tsaya a filin Seyni Kunce nan da shekara goma yanzu haka yana wani lungu ba safar hannu.

Roƙona gare ku ba mai tsada ba ne. Idan wakilinku ya je ɗaukar rahoto aka zura wa gola uku, kafin ya rubuta cewa ya yi sakaci, ya ƙirga hari nawa aka kai masa da nawa ya tare, ya buga mana adadin, kamar yadda mutanen hoki ke yi. Idan ya zauna da shugaban ƙungiya, ya tambaye shi wa ke horar da masu tsaron ragarsa, sau nawa a mako, kuma ana biyansa ko alfarma yake yi. Amsar da aka ba shi ya buga ta yadda take. In kuma hanya ta biyo da shi Tawa, muna fili bayan la'asar ban da Juma'a. Mun haƙa rami mun zuba yashi don koyon faɗuwa, ya zo ya ga yaran da idonsa.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Tsohon mai tsaron raga kuma malamin wasanni mai ritaya,
Tawa, Jamhuriyar Nijar