A tuna da Daniel Jackling, da alherinsa da ɓarnarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tunatar da masu karatu wani mutum da ba a cika ambata ba, alhali wayoyin lantarki na duniya sun ci moriyar dabararsa: Daniel Jackling, injiniyan Amurka da ya kafa kamfanin Utah Copper a 1903 don haƙar jan ƙarfe, wanda da shi ake yin wayoyin lantarki.

Dutsen Bingham Canyon da ke jihar Utah jan ƙarfen da ke cikinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, wato kilo 20 a kowane tan. Masana na lokacin sun ce asara ce. Jackling ya dage cewa yawa ne zai kawo riba: a bar ramukan ƙarƙashin ƙasa, a yanke dutsen daga sama hawa-hawa, manyan injinan haƙa masu aiki da tururi su loda wa jirgin ƙasa, a kai injin niƙa a mayar da shi gari. A 1906 injinan suka fara aiki. Da farko jan ƙarfe mai yawa yana bin ruwan wanki ya salwanta, sai da aka koma tace shi da kumfa, wato a hura iska cikin ruwan da aka zuba garin dutsen, jan ƙarfen ya manne wa kumfa ya taso sama a kwashe.

Amma a faɗi gaskiya, an biya tsada. Ramin ya haɗiye garin Bingham, zurfinsa yanzu ya haura kilomita 1, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya gurɓata, kuma da ma'aikata suka yi yajin aiki a 1912 kamfanin ya kawo wasu suka maye gurbinsu. Jackling ya rasu a 1956. Yau kamfanin Rio Tinto ke haƙa a wurin.

Wassalam,
Mai karatu daga Jos