Zuwa ga aminina a Tanut, kan maganar rijiyoyinku da ƙananan taurarin ɗan'adam

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin bazara? Mu ma nan Kaduna muna ta fama da shi, Allah dai ya kawo mana damina mai albarka.

Na ji maganar da ka yi ta rijiyoyin burtsatse masu sola da kuke kula da su a dajin arewacin Damagaram, inda ka ce sai famfo ya yi kwana da kwanaki a tsaye kafin labari ya iso muku, don babu ƙarfen sabis a wajen. Ka kuma tambaye ni ko ku kafa Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, a bakin kowace rijiya. Ni dai a ganina a'a. Rijiya ba bidiyo za ta kalla ba. Abin da za ta faɗa bai wuce layi ɗaya ba: ruwan tanki ya kai kaza, famfo na juyawa ko ya tsaya, batir ya yi ƙasa. Irin wannan saƙon akwai taurarin da aka ƙera musamman dominsa.

Ƙanana ne ƙwarai. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kaliforniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka fito da ma'aunin CubeSat: akwati mai santimita 10 ta kowane ɓangare, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Irinsa ne Nigeria EduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Akure da GhanaSat-1, waɗanda aka harba tare a 2017. Masu aikin ɗaukar saƙo suna shawagi ne a nisan kilomita 500 zuwa 650 daga ƙasa, suna kewaye duniya cikin kamar minti 95. NigComSat-1R namu kuwa, tauraron sadarwar Najeriya, yana can kusan kilomita 36,000. Kusancin ƙananan taurarin nan shi ne sirrin abin. Tunda tauraron ba shi da nisa, na'urar da ke ƙasa ba ta buƙatar faranti ko wuta mai yawa. 'Yar eriya da ƙaramin batir sun ishe ta.

Sai dai tauraron da ke kusa ba ya tsayawa. Minti kaɗan zai yi a saman kanku ya wuce. Don haka na'urar barci take yi yawancin lokaci, ta san sa'ar da zai gifta, sai ta farka ta miƙa saƙonta ta koma barci. Shi kuma ya riƙe saƙon har ya bi ta kan wata tasha a ƙasa, ya sauke, daga nan ya bi intanet ya faɗo wayarka. Kamar dai yadda mutanen ƙauye ke ba direban motar kasuwa saƙo ne: ba nan take zai isa ba, amma zai isa. Jinkirin kan zama mintoci, wani lokaci awoyi, gwargwadon yawan taurarin kamfanin. Ga wanda yanzu yake jiran mako guda, ai wannan ba jinkiri ba ne.

Bari in ba ka labarin Swarm, don akwai abin lura a ciki. Kamfanin Amurka ne, taurarinsa ake kira SpaceBEE, kowane rubu'in CubeSat ne, kaurinsa bai kai santimita 3 ba. A Janairun 2018 suka harba guda 4 da rokar Indiya bayan hukumar sadarwar Amurka ta hana su izini, don tana ganin ƙanƙantarsu za ta sa bin sawunsu a sama ya yi wuya. Tarar dala 900,000 suka sha. Amma farashinsu ya girgiza kasuwa: dala 5 a wata kowace na'ura, saƙo 750, kowane saƙo bayit 192, wato ya ɗan ɗara tes guda na waya. SpaceX, kamfanin da ke da Starlink, ya sayi Swarm a 2021, a 2023 aka daina sayar da sababbin na'urorinsu, daga baya aka rufe sabis ɗin. Duk wanda ya ɗaura na'urorinsu a gonaki da rijiyoyi sai da ya koma neman wani. Shi ya sa nake ce maka ka da araha ta ruɗe ku.

Da ni ne, zan fara duba Kinéis na Faransa. Taurari 25 gare su, kowane kusan kilo 30, sun gama harba su daga Niyuzilan tsakanin 2024 da 2025, kuma su ne magadan tsarin Argos da tun 1978 ake bin sawun namun daji da na'urorin teku da shi. Akwai Myriota na Ostireliya, inda makiyaya ke duba tankunan ruwan shanunsu da shi daga nesa, aikin da ya yi kama da naku sosai. Sateliot na Sifaniya kuma yana bin ƙa'idar da kamfanonin waya ke amfani da ita, abin da zai sa sauya kamfani ya zo da sauƙi nan gaba.

Kafin ku sayi komai, ku tambayi ARCEP, hukumar kula da sadarwa, a Yamai ko kamfanin na da izinin aiki a Nijar. Eriyar kuma sai ta ga sarari. In an ɗaura ta ƙarƙashin tankin ƙarfe ko inuwar gawo, an yi aikin banza. A sa ta cikin akwatin da ƙurar hunturu ba za ta shiga ba, a inda hannun yara ba zai kai ba. Sannan ku tanadi makanike da babur da kuɗin mai, in ba haka ba saƙo zai riƙa zuwa famfo na nan a mace. Ku gwada a rijiya biyu ko uku tukuna, ku ga yadda za su jure bazara guda.

Ka aiko mini da yawan rijiyoyin da irin famfunan da ke ciki, in lissafa maka abin da zai ci a shekara. Ka gaida Hajiya da yara, da duk abokan aiki.

Wassalam,
naka amini.